Zafi, iska da gobarar daji a tsaunukan kudu maso yammacin Amurka: tambayoyi da amsoshi

A jihohin Arizona da Niyu Meziko da kudancin Kolorado, makonnin da suka fi tayar wa masu kashe gobara hankali su ne na tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli. Dusar ƙanƙarar kan tsaunuka ta narke, damina ba ta sauka ba, iska kuma ba ta kwanta ba. Amsoshin nan na mazauna gindin daji ne, da masu zuwa yawon shan iska, da duk mai son sanin yadda wuta ke tafiya a ƙasa mai hawa da gangara.

Me ya sa Mayu da Yuni suka fi Agusta haɗari, alhali Agusta ma da zafi?

Domin yankin yana da damina tasa. Daga farkon Yuli iska takan juyo daga kudu, ta kwaso laima daga tekunan da ke kewaye da Meziko, hadari ya riƙa haɗuwa kan tsaunuka da yamma. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana lissafa wannan damina daga 15 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, amma ruwan kirki ba kasafai yake fara sauka kafin Yuli ba. Mayu da Yuni kuwa su ne watannin da suka fi bushewa a Arizona. Wanda ya san bazarar ƙasar Hausa zai gane tsarin: rana ta kai maƙura, komai ya bushe ƙayau, ana ta duban gabas.

Tarihin manyan gobarar yankin ya tabbatar da haka. Ta Rodeo-Chediski ta tashi ranar 18 ga Yunin 2002, ta cinye wajen hekta 189,000. Ta Wallow, wadda ita ce mafi girma a tarihin Arizona, ta tashi ranar 29 ga Mayun 2011, ta cinye kusan hekta 218,000. Ta Las Conchas a Niyu Meziko ta kama ranar 26 ga Yunin 2011.

Zafin rana shi ke kunna daji?

A'a. Ko ranar da birnin Phoenix ya kai digiri 50 a ma'aunin Salsiyas, 26 ga Yunin 1990, zafin bai kai kusa da abin da zai sa busasshiyar ciyawa ta kama da kanta ba. Aikin zafi shi ne tsotse ruwa. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ƙara wa iska ikon ɗaukar tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin 100, kuma wannan ruwan daga jikin ganye da itace da ƙasa take janyo shi. Saura kawai a samu tartsatsi.

Kada sanyin tudu ya ruɗi mutum. Garin Flagstaff yana kan tsawon kusan mita 2,100, zafinsa na rana a Yuni bai cika wuce digiri 26 ko 27 ba, amma laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 10 cikin 100. Jiki yana jin daɗi, daji kuwa ya gama bushewa.

Yaya ake auna bushewar daji?

Ana kasa matattun itace da ciyawa gida huɗu, gwargwadon lokacin da suke ɗauka kafin danshinsu ya bi na iska. Ciyawa da ganye da tsinken da kaurinsu bai kai milimita 6 ba, cikin sa'a guda suke sauyawa. Ƙirare daga milimita 6 zuwa santimita 2.5, sa'a 10. Rassa zuwa santimita 7.6, sa'a 100. Gungume zuwa santimita 20, sa'a 1,000, wato sama da kwana 40.

Wannan rabon shi ke bayyana abubuwa biyu da ke ruɗar mutane. Na farko, yayyafin dare ba ya kashe haɗari: ciyawar da ta jiƙe da asuba ta bushe kafin azahar. Na biyu, shekarar da aka yi ruwa da yawa a lokacin sanyi ba lallai ta zo da sauƙi ba. Ciyawa za ta yi kauri a ƙasan tsaunuka, ta bushe a Mayu, wuta ta samu abin gudu a kai. Idan kuwa lokacin sanyin ya zo da fari, dusar ƙanƙara ta narke da wuri, to dazukan can sama ne ke shiga uku, domin manyan gungume sun samu isassun makonnin bushewa. Su ne ke riƙe wuta kwana da kwanaki.

Masana suna kuma duba ko laima ta dawo da dare. Idan ta tashi zuwa kashi 50 ko fiye, wuta takan lafa, ma'aikata su samu damar datse ta. Idan ta tsaya a 20, wutar za ta ci har gari ya waye. Tsakiyar gangaren tsauni ma yakan fi kwarin da ke ƙasansa ɗumi da bushewa da dare, saboda iska mai sanyi ta sauka ta taru a kwari.

Mene ne tudu yake ƙara wa wuta?

Gudu. Ka kunna kan karan dawa ka riƙe shi a kwance, wutar za ta ci a hankali. Ka sunkuyar da kan mai wutar ƙasa, nan take za ta haura ta nufo hannunka. A kan gangare harshen wuta yana kwantawa kusa da ciyawar da ke samansa, ya gasa ta ya busar da ita tun kafin ya iso. Ƙa'idar da ma'aikata ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na hawa yana ninka gudun wuta sau biyu. Gangare mai digiri 20 ke nan ya ninka shi sau huɗu. Mutum kuwa da hawa ya ƙaru gudunsa raguwa yake yi, shi ya sa ba a tsere wa wuta ta hanyar haurawa.

Fuskar tsauni ma tana da tasiri. Ɓangaren da ke duban kudu da yamma shi rana ke duka da tsakar rana da la'asar, shi ke fara bushewa. Kwazazzabo mai ƙunci kuma yana matse iska da zafi ya tura su sama, haka ma wuyan da ke tsakanin kawunan tsauni biyu. A ranar 6 ga Yulin 1994, a South Canyon kusa da Glenwood Springs a Kolorado, iska mai ƙarfi ta taso, wuta ta zagayo ta ƙasan ma'aikata ta haura cikin sarƙaƙiyar busassun itatuwa. Mutum 14 suka rasu, akasarinsu suna ƙoƙarin kai wa kan tudu.

Wace irin iska ce abin tsoro?

Iri uku ne, kuma kowace da halinta. Akwai ta kullum, wadda ke haurawa tudu da rana idan ƙasa ta yi zafi, ta gangaro da dare. Wannan ana iya hasashenta, kuma tana cikin abin da ya sa wuta ta fi ƙarfi daga azahar zuwa bayan la'asar.

Akwai ta kudu maso yamma, mai zuwa tare da sauyin yanayi daga Afrilu zuwa Yuni, ta yini tana kaɗawa babu ɗigon ruwa. Idan ta tsallako tsauni ta gangaro ɗaya ɓangaren, matsin iska yana ƙara mata zafi kusan digiri 10 a kowace mita 1,000 da ta sauka, laimarta kuma ta faɗi. Garuruwan da ke gindin tsauni ta gabas su ke karɓarta.

Ta uku ita ce mai fitowa daga ƙarƙashin hadari, ita ce kuma ta fi kisa.

Ba hadarin ake jira ba? Yaya zai zama abin tsoro?

Hadarin farko-farko yakan zo ne sama da laima, ƙasa a bushe. Ruwa ya zubo daga gajimare ya ƙafe kafin ya taɓa ƙasa, amma aradu ta sauka. Itacen da ta faɗa wa yana iya ci a ciki kwana biyu ko fiye ba a ga hayaƙi ba, sai ranar da iska ta taso. Ruwan da ya ƙafe a sama kuma yana sanyaya iska, ta yi nauyi ta faɗo, ta bugi ƙasa ta watsu ta ko'ina da gudun da kan wuce kilomita 60 a sa'a. Wutar da ke tafiya arewa sai ta juya kudu cikin mintuna, gefenta mai tsawo ya koma gabanta.

Abin da ya faru ke nan a Yarnell, Arizona. Aradu ta kunna wutar ranar 28 ga Yunin 2013. Ranar 30 ga wata da la'asar iskar hadari ta juya ta, ta rutsa da ƙwararrun masu kashe gobara na rukunin Granite Mountain daga garin Prescott a cikin wani kwazazzabo mai kaurin ƙaya da kurmi da ya shekara sama da 40 bai ƙone ba. Mutum 19 cikin 20 suka rasu, duk da sun buɗe ƙananan tantunan kare zafi da suke ɗauke da su. Kafin nan, a gobarar Dude kusa da Payson, irin wannan iskar ta kashe ma'aikata 6 a ranar nan da Phoenix ya kai digiri 50. A Waldo Canyon kuma, ranar 26 ga Yunin 2012, iska mai gudun kusan kilomita 100 a sa'a ta turo wuta cikin unguwannin Colorado Springs, gidaje 346 suka ƙone. Duk wanda ke kusa da wuta ya ga gajimare yana tsayi yana duhu, ya ɗauka iska na gab da juyawa.

Wane ne yake tayar da wutar?

A faɗin Amurka, fiye da kashi 80 cikin 100 na gobarar daji daga hannun mutane take. A dazukan kan tsaunukan yankin nan aradu tana da kaso babba, amma kafin hadari ya fara, kusan duk wutar da ta tashi ta mutum ce. Wallow daga wutar sansani da aka bari ba a kashe ba ta samo asali, haka ma ta Schultz kusa da Flagstaff a Yunin 2010. Las Conchas itace ne ya faɗa kan wayar lantarki, cikin sa'a 14 ta cinye wajen hekta 17,000. Sauran sanannu ne: sarƙar tirela da ke jan ƙasa tana fidda tartsatsi, salansar mota mai zafi da aka faka kan busasshiyar ciyawa, walda, injin yankan ciyawa da ya bugi dutse, harbin bindiga, wasan wuta.

Da ma haka dajin yake ci tun asali?

Yana ci, amma ba irin wannan ci ba. Tabon wuta a jikin tsofaffin itatuwan ponderosa, dogayen itatuwan dazukan kan tsaunukan yankin, ya nuna cewa a da wuta kan bi ta ƙarƙashinsu duk bayan 'yan shekaru, ta lashe ciyawa da ƙananan tsiro, ta bar manya saboda kaurin ɓawonsu. Daga ƙarshen ƙarni na 19 kiwo mai yawa ya cinye ciyawar da ke ɗaukar wannan ƙaramar wuta, a 1935 kuma hukumar gandun daji ta kafa dokar kashe kowace wuta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Dajin ya cika da ƙananan itatuwa a cushe. Su ne tsanin da wuta ke takawa daga ƙasa zuwa kan manya, kuma da ta hau sama aiki ya ƙwace. Da shebur da gatari ana iya tarar harshen wuta da bai wuce mita 1.2 ba. Zuwa mita 2.4 sai da katafila da motocin ruwa. Abin da ya haura mita 3.4, sai dai a ja baya a share layin da babu abin ci a cikinsa daga nesa.

A ƙasan tsaunukan kusa da Tucson, a kudancin Arizona, matsalar daban ce. Wata ciyawa 'yar asalin Afirka, dangin ƙarangiya, da aka kawo don kiwo, ta cike filin da ke tsakanin tsirran hamada, ta mai da wurin da a da wuta ba ta samun abin bi ya zama mai ci.

In haka ne, me ya hana a riƙa ƙona dajin da gangan?

Ana yi, kuma shi da rage ƙananan itatuwa su ne maganin da ya fi aiki. Haɗarinsa yana wajen lokaci. A Mayun 2000 wutar da aka kunna da gangan a Cerro Grande ta ƙwace da iska ta taso, iyalai sama da 400 a garin Los Alamos na Niyu Meziko suka rasa gidajensu. A Afrilun 2022 haka ta sake faruwa a Hermits Peak, ta haɗe da ta Calf Canyon, wadda ita kuma tarin itace ne da aka ƙona tun Janairu ya yi ta ci a ƙarƙashin dusar ƙanƙara har ya farfaɗo. Sun cinye wajen hekta 138,000, mafi girma a tarihin Niyu Meziko, gwamnatin tarayya ta ware kusan dala biliyan 4 a 2022 don diyya. A ganinmu daina ƙonawa ba mafita ba ce, domin dajin da ba a ƙona a ranar da aka zaɓa ba zai ƙone a ranar da ta fi muni. Abin da ya wajaba shi ne a guji watannin iska, a kuma bi kowane tari da na'urar gano zafi har a tabbatar ya mutu.

Me gargaɗin jan tuta yake nufi?

Hukumar hasashen yanayi ce ke fitar da shi idan ana sa ran laima za ta faɗi zuwa kashi 15 ko ƙasa, tare da iska mai gudun kilomita 30 zuwa 40 a sa'a ko fiye, na tsawon sa'o'i, daji kuma a bushe. Adadin yakan ɗan bambanta daga ofishi zuwa ofishi. Ba ya nufin wuta ta tashi. Yana nufin idan ta tashi ba za ta taru ba. A irin wannan rana a ɗage walda da yankan ciyawa da gashin nama a waje.

Dokar hana kunna wuta kuma mataki-mataki ce. A na ɗaya, sai a murhun da hukuma ta gina a sansanonin da ta amince da su. A na biyu an hana wutar itace da gawayi gaba ɗaya, sai risho mai gas da ake iya kashewa da makunni. In abin ya tsananta a rufe dajin.

Yaya ake kashe wutar sansani ta mutu murus?

A kwarara ruwa har ƙarar cuwa ta daina. A juya toka da shebur, a kankare garwashin jikin itace, a sake zuba ruwa, a sake juyawa. Sannan a kai bayan hannu kusa. Muddin da ɗumi, ba ta mutu ba. Binne ta da ƙasa kawai kuskure ne, domin ƙasar tana adana zafin, iska ta zo ta yaye ta.

Gidana yana bakin daji. Daga ina zan fara?

Daga jikin gidan, ba daga dajin ba. Binciken Jack Cohen na hukumar gandun daji ya nuna cewa yawancin gidaje ba bangon wuta ne ke cinye su ba, garwashin da iska ke ɗaukowa ne, wani lokaci daga nisan fiye da kilomita guda. Ya faɗa cikin indararo mai cike da busasshen ganye, ko ya shige ta kafar shan iska, ya yi ta ci har bayan wutar dajin ta wuce.

Saboda haka mita 1.5 na farko kewaye da bango su ne mafi muhimmanci. Kada a bar komai mai ci a nan: ba ciyawa, ba ɓawon itace na ado, ba tabarmar ƙofa, ba tsintsiya. A zuba tsakuwa. A share rufi da indararo kafin Mayu, a sake dubawa bayan kowace iska. A rufe kafofin shan iska da ragar ƙarfe mai ido milimita 3, domin ta roba narkewa take yi. Shingen katako da ya manne da bango, a canza ƙarshensa da na ƙarfe. A kwashe tarkacen ƙarƙashin baranda.

Daga nan zuwa mita 9, ciyawa kada ta wuce santimita 10, a sare rassan ƙasa har tsawon mita 2 zuwa 3, a bar tazarar kusan mita 5 tsakanin kawunan itatuwa. Itacen girki ya koma bayan mita 9. Zuwa mita 30 a rage cunkoso a kwashe matattu. Gidan da ke kan gangare yana bukatar ƙarin tazara ta ɓangaren ƙasa, tunda ta nan wutar za ta hauro. A yi aikin da sassafe, lokacin da akwai sauran laima, kada injin gyara ya zama sanadi.

Yaushe ya kamata a bar gida?

Hukumomin yankin suna amfani da mataki uku: shirya, zauna cikin shiri, tafi. Mai tsofaffi ko yara ko dabbobi ya tafi tun a na biyu. Yawancin unguwannin tsauni hanya ɗaya ce shiga da fita, hayaƙi kuma yana rufe ido, mota guda ta mutu ta tare kowa. A yi rajistar lambar waya da tsarin gargaɗin ƙaramar hukuma, amma kada a jira saƙo idan ana ganin wuta, domin turakun sadarwa ma suna ƙonewa.

Tun daga Mayu tankin mota kada ya gaza rabi, a faka ta tana fuskantar waje. Jaka ɗaya ta ƙunshi takardu, magunguna, caja, tocila da ruwan kwana uku, lita 4 ga kowane mutum a rana. In da sauran lokaci, a rufe tagogi da ƙofofi, a kashe gas, a shigo da kujerun waje, a bar fitilu a kunne don ma'aikata su ga gidan cikin hayaƙi. Kada a bar famfon ban ruwa yana zuba, yana rage wa 'yan kwana-kwana ƙarfin ruwa.

Idan wuta ta rutsa da mutum fa?

A mota, a tsaya a fili mara ciyawa, a rufe gilasai da kafofin iska, a kwanta ƙasa da taga a lulluɓa da bargon ulu. A ƙafa, a nufi wurin da ya riga ya ƙone, ko fako, ko shimfiɗar duwatsu, a guji kwazazzabo da wuyan tsauni. In babu mafita a kwanta rub da ciki a rami ko bayan dutse, fuska a ƙasa. Abin karewa shi ne huhu, domin iska mai zafi ke kisa kafin harshen wuta. A rufe baki da busasshen ƙyalle, jiƙaƙƙe yana zama tururi. Tufafin auduga ko ulu, ba na roba mai narkewa a jiki ba.

Hayaƙin yana da illa ga wanda ke nesa?

Ƙwarai, musamman masu asma da ciwon zuciya, da masu juna biyu, da yara. Idan ma'aunin ingancin iska ya haura 150 kowa ya rage fita. Takunkumin N95 da ya zauna daram yana tace ƙurar. Na ƙyalle ba ya yi. Hayaƙi yakan kwanta a kwari da dare, don haka asuba ce ta fi muni a can.

Da damina ta sauka, an huta ke nan?

Wutar takan lafa, amma mazauna ƙasan tsaunin da ya ƙone sun shiga wani sabon haɗari. Wuta mai zafi tana cinye ganyen da ke rufe ƙasa, ta kuma bar wani maiƙo a cikinta da ke hana ruwa nutsewa. Ruwan da bai wuce milimita 6 ko 7 cikin minti 15 ba yana iya tayar da malalar laka da duwatsu da gungume. Wata guda bayan gobarar Schultz, ranar 20 ga Yulin 2010, ambaliya ta sauko kan unguwannin gabashin Flagstaff ta kashe yarinya 'yar shekara 12. Garin Ruidoso na Niyu Meziko ya yi asarar gine-gine kusan 1,400 a gobarar Yunin 2024, ambaliya ta biyo baya cikin kwanaki, ta kuma dawo a Yulin 2025 ta kashe mutum 3.

Haɗarin yakan ɗauki shekara biyu zuwa biyar kafin tsiro ya sake riƙe ƙasa. Ruwan yana iya sauka can kan tudu alhali a gari rana ake yi, saboda haka sanarwa ake bi, ba sararin sama ba. Idan ta zo a haura wuri mai tudu nan take, kada a tsallaka rafi da mota. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya; ana sayen tata daban, kuma yawanci sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka wanda ke ƙasan daji ya nemi tasa tun a Mayu.